Yadda Kwamitin Masallaci Zai Tsare Mumbari a Kakar Zaɓe

Da zarar jam'iyyu sun fara shirin zaɓen fidda gwani, masallacin Juma'a yakan fara yin baƙin da bai saba gani ba. Motoci masu baƙin gilashi su tsaya a bakin titi, wani saurayi ya riga kowa shigowa yana tambayar 'yan agaji inda za a ajiye wa Honarabul wuri a sahun farko. Ni sakataren kwamitin wani masallacin Juma'a ne a Kaduna, a ɗaya daga cikin unguwannin da har yau Musulmi da Kirista ke zaune katanga ɗaya. Zan shimfiɗa yadda muke tafiyar da wannan lokaci, domin 'yan'uwa da aka ɗora wa irin wannan nauyi su ɗauki abin da zai yi musu amfani.

Tun farko in fayyace matsayina: ba na cikin masu cewa masallaci ya kame bakinsa a kan al'amuran jama'a. Limamin da zai ga ana sace mutane a hanya, asibitin unguwa ba magani, sannan ya hau mumbari mako bayan mako bai taɓa ambatar haƙƙin talaka a wuyan shugaba ba, ya tauye aikinsa. Abin da nake kira a tsare shi ne kada mumbari ya zama na ɗan takara ɗaya ko jam'iyya ɗaya.

Hujjar da ta fi kama ni a kan haka ita ce halin da mamu yake ciki ranar Juma'a. Umarnin Allah ne ya kawo shi, kuma umarnin addini ne ya sa shi yin shiru. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa idan ka ce wa na kusa da kai "yi shiru" alhali liman yana huɗuba, to ka yi yasasshen zance. Ko gyara kalma ɗaya ba a ba shi dama ba. A filin gangamin siyasa mutum yana iya mayar da martani, yana iya kaɗe rigarsa ya tafi gida. A huɗuba ba ya iya ko ɗaya. Wanda ya yi amfani da waɗannan mintoci ya tallata ɗan takara, ya karɓi shirun da bawa ya yi domin Ubangijinsa ya miƙa wa jam'iyya. Kuma cikin masu shirun nan akwai ɗan APC, akwai ɗan PDP, akwai ɗan NNPP, akwai wanda ya gaji da su duka, kowannensu kuma da guminsa aka yi rufin masallacin.

Doka ma tana da magana. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ya hana amfani da wuraren ibada wajen kamfen ko gangami, ko tallata wata jam'iyya da ɗan takararta, ko sukar su. Sashe na 97 ya mayar da kamfen da sunan addini ko ƙabila laifi, da tarar da za ta iya kai naira miliyan 1 ko ɗaurin wata 12 ga mutum, da naira miliyan 10 ga jam'iyya. Ba kasafai ake ganin an gurfanar da kowa ba, amma ku duba dokar zaɓen da ke aiki yanzu, ku riƙe irin waɗannan sassa a ka. Ranar da wani mai ƙarfi ya matsa muku, za su zama garkuwar da za ku ɗaga ba tare da kun ci masa fuska ba.

Ku rubuta ƙa'ida tun kafin a san 'yan takara

Wannan shi ne matakin da ake yawan makara a kansa. Idan kuka bari sai an tsayar da 'yan takara sannan kuka ce an hana kaza, kowa zai ce don a toshe wa gwaninsa ne. Ku zauna tun ƙura ba ta tashi ba. A zaman a samu liman da na'ibinsa, da ladan, da ma'aji, da shugaban 'yan agaji, da mai unguwa, da wakilin matasa, da malamar da ke riƙe da Islamiyyar matan aure, domin rabon atamfa da taliya ta ɓangaren mata ya fi shigowa. Ku tabbata cikin mahalarta akwai waɗanda kowa ya san jam'iyyunsu sun bambanta. In su suka sa hannu tare, babu mai bakin ƙorafi daga baya.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. Tamu tana cewa ba a ba ɗan takara ko wakilinsa makirufo; ba a manna fosta a katangar masallaci ko raba takardar kamfen a harabarsa; ba a ambatar sunan jam'iyya ko ɗan takara a huɗuba, da tafsiri, da sanarwa; duk gudummawa ta hannun ma'aji take bi a ba da rasit; kuma ɗan kwamitin da ya karɓi muƙami a kwamitin kamfen na wani, zai ajiye sa hannunsa a asusun masallaci har a gama zaɓe. A karanta ta bayan sallar Juma'a, a manna ta kusa da allon lokutan salla inda kowa zai gani.

Maganar kuɗi

A nan ne yawancin masallatai ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Ɗan siyasa Musulmi ne kamar kowa, yana da haƙƙin ya yi sadaka, kuma ba aikinmu ba ne mu tsaga ƙirjinsa. Aikinmu shi ne mu tsara yadda sadakar za ta shigo ba tare da ta zo da igiya ba. Idan ya ce zai ba da gudummawa, ku ba shi lambar asusun masallaci, asusun da aƙalla mutum biyu ke sa wa hannu. In masallacinku bai da irin wannan asusu da sunansa, ku yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ku buɗe, ku daina ajiye kuɗin Allah a asusun wani bawan Allah komai amanarsa. In ya kawo tsabar kuɗi, a ƙirga a gabansa da gaban mutum uku, a rubuta a littafi, a yanka masa rasit. Littafin namu irin babban nan ne mai baƙin bango, kowane shafi an ja masa layi huɗu: kwanan wata, mai bayarwa, adadi, abin da aka yi da shi. Naira 500 ta mai shayi da miliyan ɗin ɗan majalisa layi ɗaya suke bi, da biro ɗaya, kuma a ƙarshen wata tare ake karanto su ba tare da kirari ga kowa ba.

Kafin ku karɓa, ku gaya masa sharaɗin baki da baki, cikin girmamawa. Abin da shugaban kwamitinmu yakan ce shi ne: "Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani. Sai dai ƙa'idarmu ce ba ma rubuta sunan kowa a jikin gini, ba ma sanar da kyauta a kan mumbari, kuma abin da aka ba masallaci ba ya sayen addu'a ta musamman. In haka ya yi maka, bismilla." Wanda ya zo don Allah zai ce ai haka ya fi. Wanda ya zo don hoto zai ce zai turo yaronsa, ba kuma za ku sake jin ɗuriyarsa ba. Kada ku bi shi da waya.

Buhunan shinkafa da na gero ma haka. In an buga hoton ɗan takara ko tambarin jam'iyya a jiki, ku ce a sauya buhu kafin a shigo da su. Kuma ku riga ku mallaki jerin mabukatan unguwa tun kafin kakar zaɓe: zawarawa, marayu, tsofaffin da ba mai kula da su, 'yan gudun hijirar da suka sauka a gidajen 'yan'uwa. Da wannan jerin ake rabo. Ba a karɓar jerin da ya fito daga ofishin jam'iyya, ba a kuma tambayar kowa katin zaɓe kafin a ba shi mudu.

Abin da ya fi wuya shi ne ambulan ɗin da ake kai wa liman gida bayan isha'i, ko kujerar Hajji, ko babur. Wannan kwamiti ba ya gani, ba ya kuma da ikon binciken aljihun malami. Sai dai ina son 'yan kwamiti su tambayi kansu gaskiya: nawa muke ba limaminmu a wata? Masallatai da yawa suna kashe maƙudan kuɗi a tayil da fenti da na'urar sanyaya ɗaki, amma mutumin da ke jan su salla sau biyar a rana, ya yi musu ɗaurin aure da raɗin suna da jana'iza, ba shi da wani tsayayyen alawus sai abin da aka jefa a faranti. Yana da iyali, yana biyan haya da kuɗin makaranta, matarsa tana rashin lafiya kamar ta kowa. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Kwamitin da ya bar limaminsa cikin yunwa shi ya buɗe wa ɗan siyasa ƙofa.

Don haka ku yanka wa liman da na'ibi da ladan alawus na wata-wata daga hanyar da ba ta dogara da mutum ɗaya ba. Mu shaguna muka fitar a jikin katangar masallaci ta ɓangaren titi, hayarsu ta tafi kai tsaye ga alawus. Muka ƙara da karo-karon magidanta, kowa abin da ya ɗauka wa kansa, 'yan agaji su zagaya da kati a farkon wata. Sanya sola ya rage mana kuɗin man janareta, rarar ta koma can. In liman ya kwanta asibiti, asusun masallaci ne zai fara tsayawa, kada a bari sai wani Alhaji mai neman kujera ya ji labari.

Malamanmu suna da abin koyi a gida. Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zinariya miskali 500. Shehu ya ce shi da jama'arsa ba su bukatar dukiyar sarki, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Ku lura Shehu bai ƙaurace wa taron ba, bai kuma ce harkar mulki ba ruwansa ba. Ya je, ya yi magana, ya dawo da abin da ya amfani mutanen da ba su ma san an yi zaman ba. Da ya karɓi zinariyar, da wuya bakinsa ya iya furta ta biyar ɗin.

Ranar da ɗan takara ya zo Juma'a

Ku karɓe shi da fara'a, gidan Allah ne. Amma inda ya samu wuri nan zai zauna. Ba a tayar da tsohon da ya zo tun hantsi don a shimfiɗa wa baƙo darduma. In yana da jami'an tsaro, shugaban 'yan agaji ya yi magana da su tun a ƙofa, a nuna musu inda za su tsaya. Masu kyamara su tsaya a waje. Mutane sun zo ganawa da Ubangijinsu, ba su ba kowa izinin sa fuskarsu a bidiyon kamfen ba.

Makirufo kuwa a hannun mutum ɗaya yake, wato ladan. Da liman ya sallame, ya karɓa. In akwai sanarwar jana'iza ko ɗaurin aure sakatare ya karanta, sannan a kashe na'ura a kulle akwatinta. Dabarar da ake yawan yi ita ce wani daga cikin tawagar ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, minti ɗaya kawai, gaisuwa zai yi." Kada a bar liman da nauyin amsawa, domin shi kunya za ta kama shi. Shugaban kwamiti ne zai taso ya ce, "Yallaɓai, ga ƙa'idarmu can a manne, ko wanda ya zo makon jiya haka muka gaya masa. In an fita waje, jama'a na nan, a gaisa." Wannan "ko wanda ya zo makon jiya" ita ce ƙarfin maganar, shi ya sa ba a yi wa kowa sassauci ko da ɗan unguwa ne, ko da shi ya haƙa rijiyar burtsatsen da ake alwala da ita. Ranar da kuka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, takardar ta mutu.

In an roƙi addu'a, a yi wa ƙasa da jiha: Allah ya zaɓa mana shugabanni masu tausayi da tsoronsa, ya hana mulki ga duk wanda zai cutar da bayinsa. Duk mai kyakkyawar niyya zai ce amin da zuciya ɗaya. Alƙunutu kuwa a kiyaye shi sosai. An shar'anta shi ne don musibar da ta sauka a kan al'umma, kuma mun yi shi a kan 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. Juya shi a kan abokin hamayyar siyasa, ko da ba a kama suna ba, kowa a sahu ya san wanda ake nufi.

To me huɗuba za ta ce?

Abin faɗa yana da yawa. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita da yin hukunci da adalci, kuma ƙuri'a amana ce, shaida ce. Akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika alkawari, in an hana shi ya saɓa. Ban san wani nassi da ya fi wannan dacewa da mai sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu ba. A yi magana kan iyayen da ke kallo ana ɗirka wa 'ya'yansu ƙwaya ana ba su gora da adda su bi motar kamfen. A kwaɗaitar da mutane su karɓi katin zaɓe su fita: a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai suka jefa ƙuri'a. A koya wa mutane tambayoyin da za su auna kowane ɗan takara da su: me ya yi da amanar da aka taɓa ba shi, yana biyan ma'aikatansa, ana ganinsa in ba lokacin zaɓe ba? Liman ya ba da ma'auni, ya bar wa mamu awon.

Sukar gwamnati mai ci a kan tsaro ko yunwa tana cikin nasiha, kuma kwamiti ya shirya kare limaminsa a kai. A watan Afrilu 2022, kwanaki kaɗan bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris, Sheikh Nuru Khalid ya yi huɗuba a masallacin rukunin gidajen 'yan majalisa da ke Apo a Abuja, ya soki gwamnati kan kashe-kashe har ya taɓo batun ƙin fita zaɓe. Kwamitin masallacin ya dakatar da shi, sannan ya sallame shi. Mutane sun rabu a kan wanda ya yi daidai. Darasin da na ɗauka shi ne iyakar da ba a shata ba tun da wuri, ranar rikici mai ƙarfi ne zai shata ta. Ku zauna da limaminku ku yarda a rubuce: faɗa wa mai mulki gaskiya a kan aikinsa, ko wace jam'iyya yake, kwamiti yana bayansa, cewa a zaɓi wane ko a ƙi wane, wannan ba na mumbari ba ne.

Na san akwai malaman da nake girmamawa da suke ganin wajibinsu ne su nuna wa mabiyansu wanda za su zaɓa, kuma mun ga haka ƙarara a 2023 lokacin muhawarar tikitin Musulmi da Musulmi. Malami ɗan ƙasa ne, yana da ra'ayi, ba mai hana shi faɗa a zaurensa ko ga wanda ya je ya tambaye shi. A can mai sauraro yana iya cewa, "Malam, ban gamsu ba." Mu abin da muka yi shi ne buɗe zama a zauren mai unguwa bayan isha'i, duk mai tambaya a kan addini da zaɓe ya zo, a yi ta muhawara har a gaji. An yi zafi wasu dararen, amma da asuba sahu ɗaya aka tsaya.

In Ramadan ya faɗo kusa da zaɓe, ku ba malamin tafsiri da mai jan baƙi kwafin ƙa'idar tun ranar da kuka gayyace su. Tambayoyin da ake turowa a takarda su bi ta hannun mutum ɗaya mai hankali, domin wasu an rubuto su ne daga ofishin kamfen don a ja bakin malam. In liman ko baƙon malami ya ƙetare iyaka, kada a yi masa gyara a bainar jama'a. Dattawa biyu su same shi a gida a ranar, a tuna masa abin da ya sa wa hannu.

Zauren WhatsApp na masallaci kuwa, wata guda kafin zaɓe a rufe shi ya zama masu kula da shi kaɗai ke turo saƙo. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ishe mu hujja: in fasiƙi ya zo da labari a bincika. Guntun bidiyon wa'azin da aka yanke kai da gindi, da muryar da ba a san mai ita ba tana cewa an kai hari wuri kaza, ba su da wuri a zauren da ke ɗauke da sunan masallaci.

Maƙwabta, da daren sakamako

Mu mutanen Kaduna ba sai an ba mu labari ba. Rikicin 2000 da na 2002 su suka raba garin nan, Musulmi suka tattara arewa da kogi, Kirista suka koma kudu. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilu 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum sama da 800 cikin kwana 3 a jihohin Arewa 12, kuma jiharmu ce ta fi kowace asara, musamman Zonkwa da Kafanchan. Abin ya faro da zanga-zangar sakamakon zaɓe, kafin a ankara ya koma ƙona masallatai da coci-coci. Gwamnatin tarayya ta naɗa kwamitin Sheikh Ahmed Lemu ya bincika, amma waɗanda aka binne an binne su.

Saboda haka makonni kafin zaɓe, ku taka da ƙafarku zuwa cocin da ya fi kusa da ku. Ku je da liman da mai unguwa, ku zauna da fasto da dattawansa. Ba muhawarar aƙida ta kai ku ba. Ku yi musayar lambobin waya na mutum uku-uku, ku yarda cewa duk jita-jitar da ta shafi ɗaya ɓangaren, kafin a gaya wa kowa za a kira a tambaya. Ku haɗa matasanku da nasu su san fuskokin juna, domin su ne za su tsaya a bakin layi in dare ya yi. Ku sanar da DPO wannan shiri, ku karɓi lambar da ake samunsa kai tsaye. Wannan ba sabon abu ba ne a garin nan: Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suka jagoranci matasa masu gaba da juna, tun 1995 suke irin wannan aiki tare. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu kauce wa adalci, balle maƙwabcin da ba abin da ya yi mana.

A Najeriya ranar Asabar ake zaɓe, don haka huɗubar ƙarshe tana faɗowa ne bayan an rufe kamfen, tunda doka ta ce a tsaya awa 24 kafin ranar. Masu neman a saka musu kalma ɗaya a wannan huɗuba sun fi na kowane mako yawa, domin sun san babu sauran lokacin da abokin hamayya zai mayar da martani. Huɗubar ranar ta zama gajera: a fita da wuri, a bi layi, a bar tsofaffi da masu juna biyu su fara, kada a karɓi kuɗin kowa, a kare ma'aikatan zaɓe, waɗanda da yawansu 'yan hidimar ƙasa ne, 'ya'yan wasu da aka kawo mana amana.

Daga yammacin Asabar har a bayyana sakamako, mabuɗin akwatin lasifika ya kwana a aljihun ladan. Ba a kunna ta sai don kiran salla a kan lokacinsa. Kabbara a lasifika da tsakar dare, ko kiran salla ba a kan ƙa'ida ba, a unguwa irin tamu ana fassara shi da kiran yaƙi, kuma cikin minti kaɗan mata za su fara goya yara suna gudu. Ba a sanar da sakamako daga masallaci, ko na rumfar da ke ƙofarsa ne. Wakilan jam'iyyu sun sa hannu a takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, kowa ya karɓi kwafinsa, sauran aikin na INEC ne, wanda bai yarda ba kuma kotu na nan. Dattawa su zauna a ƙofar masallaci bayan magariba da bayan isha'i, su riƙa kiran samari da sunayensu suna tura su gida.

Bayan an rantsar

Yanzu ne lokacin da masallaci zai je wurin ɗan siyasa da kansa. Ku tara bukatun unguwa a rubuce, ku tace su zuwa uku ko huɗu da za a iya gani da ido: magudanar ruwan da ke cika gidaje duk damina, taransifomar da ta ƙone, ajin firamaren da rufinsa ya yaye, ungozoma a asibitin sha-ka-tafi. Kada ku sa bukatar masallaci a ciki, kada kuma ku sa neman aiki ga ɗan wani ɗan kwamiti. Ku nemi dattawan cocin nan su sa hannu tare da ku, tunda ruwan in ya tashi gidan kowa yake shiga. Ku kai wa kansila da ciyaman da ɗan majalisar jiha, ko kun zaɓe su ko ba ku zaɓe su ba, a karɓa a buga muku hatimi a kwafinku.

Ku je a motarku, da man da kuka saya daga aljihunku. In an miƙo na goro a bakin ƙofa, ku yi godiya ku ce a ƙara a kuɗin magudanar. Juma'ar da ta biyo baya sakatare ya karanta wa jama'a abin da aka kai da amsar da aka samu, kuma bayan wata uku a koma da kwafin nan mai hatimi a tambayi inda aka kwana.